Silsilar da ta yanke: rigimar naɗin mata a addinin Buddha

Duk wanda ya taɓa kallon hotunan ƙasar Tailan ko Myanmar zai ga maza da askakken kai sanye da mayafi ruwan goro suna bin layi da sassafe da kwanon bara a hannu, mutane na zuba musu shinkafa suna durƙusawa. In ka ƙura ido sosai za ka hango wasu ma masu askakken kan amma tufarsu fara ce, ko kuma ruwan hoda in a Myanmar ne, to waɗannan mata ne, kuma wannan bambancin launin ba ado ba ne, bayansa akwai wata doguwar rigima da ta haura shekara dubu ana fama da ita. Ni dai tun da na fara bibiyar maganar nan abin ya tsaya min a rai, ba don addinina ba ne, sai don yadda mutane suka yarda baki ɗaya cewa mace za ta iya kaiwa ƙololuwar abin da addinin ke nema, amma suka kasa yarda a kan wa zai ɗaura mata mayafin.

Bari mu faro daga tushe. Shi Siddhattha Gotama wanda ake kira Buddha, mahaifiyarsa Maya ta rasu yana da kwana 7 a duniya, ƙanwarta Mahapajapati Gotami ce ta shayar da shi ta raine shi, kenan uwa ce ta kowace fuska. Bayan ya kafa jama'ar masu zuhudu ta maza, waɗanda ake kira bhikkhu, sai ta same shi a garinsu Kapilavatthu ta ce a ba mata izini su ma su bar gida su shiga wannan rayuwa. Sau uku tana roƙo sau uku yana hanawa. Da ya tashi ya tafi Vesali sai ta aske kanta ta ɗaura mayafin da kanta, ta ɗebi matan ƙabilarsu ta Sakya, ana cewa sun kai 500, suka bi shi a ƙafa, tafiyar kwana da kwanaki. Littafin dokokinsu ya siffanta yadda aka same ta, tsohuwa matar sarki tsaye a bakin ƙofa ƙafafu sun kumbura, jiki duk ƙura, tana kuka. Ananda, ɗan'uwan Buddha kuma hadiminsa, shi ya gan ta, ya shiga ya roƙa shi ma aka hana, sai ya sauya salo ya yi tambaya guda: shin mace in ta bar gida ta bi wannan tafarki za ta iya kaiwa matakin ƙarshe na kuɓuta ko ba za ta iya ba? Buddha ya ce za ta iya. Daga nan ƙofa ta buɗe, aka samu bhikkhuni, wato mata masu cikakken naɗi.

Amma fa da sharaɗi aka buɗe ta, sharuɗɗa takwas masu nauyi da ake kira garudhamma, kuma na farkonsu shi ne wanda har gobe yake ɗaga hankali, wai bhikkhuni ko ta shekara 100 da naɗi dole ta miƙe ta gaishe da bhikkhu ko da yau aka naɗa shi. Akwai cewa ba za ta yi wa namiji gyara ba amma shi zai yi mata, akwai kuma wanda ya fi duka tasiri a tarihi, cewa naɗin mace sai an yi shi ta ɓangare biyu, mata su fara naɗa ta sannan maza su tabbatar. Labarin ya ƙara da cewa Buddha ya ce da addinin zai yi shekara 1000 da tsarkinsa, amma saboda shigowar mata sai 500. Masana da yawa na zamani, har da wasu daga cikin masu zuhudun kansu irin su Bhikkhu Analayo ɗan Jamus, sun zauna sun gwada ruwayoyin mazhabobi daban-daban sun ga ba su zo iri ɗaya ba, shi ya sa suke ganin akwai abin da aka cusa daga baya. Wasu kuma suna cewa a'a, a duba zamanin, Indiya ce ta shekara 2500 da suka wuce, mace ta bar gidan miji ta shiga daji ita kaɗai babbar magana ce, sharuɗɗan garkuwa ne don jama'a su karɓa. Dokokin ma sun fi yawa a kansu, a mazhabar Theravada, wadda ake bi a Tailan da Myanmar da Siri Lanka, namiji na da 227 mace na da 311.

Abin da ya fi burge ni a wannan zamanin na farko shi ne matan sun bar muryarsu. Akwai tarin waƙoƙi 73 da ake kira Therigatha, waƙoƙin dattijan mata, ana lissafa shi cikin mafi tsufan adabin mata da ya rage a duniya. Wata mai suna Mutta tana murna cewa ta rabu da karkatattun abubuwa uku, turmi da taɓarya da mijinta mai ƙusumbi, kuma duk macen da ta taɓa yin daka tun asuba har bayanta ya sage ba sai an fassara mata wannan ba. Wata kuma Soma, aka zo mata da gori cewa mace hankalinta na yatsa biyu ne, masu sharhi suka ce ana nufin yatsu biyun da take matse ƙwayar shinkafa ta ji ko ta nuna, ita kuma ta mayar da martani cewa in zuciya ta nutsu ilimi na gudana me zama mace zai hana. Buddha da kansa ya ambaci mata da suka yi zarra, Khema a hikima, Patacara a sanin dokoki, Dhammadinna a wa'azi, ita Dhammadinnan nan tsohon mijinta ne ya zo yana yi mata tambayoyi masu zurfi tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, da aka kai wa Buddha labari ya ce da shi aka tambaya amsar da zai bayar kenan. Sai dai a cikin littattafan nan dai akwai inda aka ce mace ba za ta zama cikakken Buddha mai kafa addini ba, kaga tun farko muryoyi biyu ne ke tafiya tare.

To ina matsalar ta faro? A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, Sanghamitta 'yar Sarki Ashoka ta hau jirgin ruwa zuwa Siri Lanka ɗauke da reshen bishiyar da Buddha ya zauna a ƙarƙashinta, ta naɗa Sarauniya Anula da matan fada, bishiyar nan har yau tana nan a Anuradhapura ana ziyartarta. Jama'ar mata ta yi ƙarfi a tsibirin har a ƙarni na 5 wasu daga cikinsu suka yi tafiya ta teku zuwa ƙasar Sin, rukuni na farko a shekarar 429 na biyu kuma wajen 433 ƙarƙashin wata da ake kira Devasara, suka haɗu suka yi wa matan Sin sama da 300 cikakken naɗi a birnin da yanzu ake kira Nanjing. A riƙe wannan da kyau domin za mu dawo kansa. Daga Sin silsilar ta bazu zuwa Koriya da Biyetnam da Taiwan kuma ba ta taɓa yankewa ba har yau.

A gida Siri Lanka kuwa sai yaƙi ya zo, tsakanin ƙarshen ƙarni na 10 da farkon na 11 dakarun Chola daga kudancin Indiya suka ci Anuradhapura, gidajen zuhudu suka watse, na maza da na mata duka. Da Sarki Vijayabahu ya ƙwato ƙasar wajen 1070 sai ya tarar babu isassun maza da za su yi naɗi, ya aika Bama, wato Myanmar ta yau, aka turo masa bhikkhu aka farfaɗo da silsilar maza. Haka ta sake mutuwa bayan ƙarnoni, a 1753 Sarkin Kandy ya aika Siyam, wato Tailan ta yau, aka turo Upali da tawagarsa aka sake tayar da ita, shi ya sa babbar ƙungiyar masu zuhudun Siri Lanka har yanzu sunanta Siyam Nikaya. Ta mata kuwa babu sarkin da ya aika ko'ina. Nan ne ni nake ganin zuciyar maganar take, silsila na yankewa kuma ana ɗaura ta in masu iko sun damu, ta maza an ɗaura ta fiye da sau ɗaya, ta mata aka bar ta kusan shekara 1000 sannan aka dawo ana cewa ai ta mutu ba yadda za a yi.

Hujjar masu hanawa a sauƙaƙe ita ce, sai da bhikkhuni ake naɗa bhikkhuni, babu bhikkhuni a Theravada, saboda haka ƙofa ta rufe sai wani Buddha ya bayyana. Mu da muka saba da maganar isnadi da ijaza, wane ya karɓa daga wane, ba za mu raina wannan tunani ba, mutanen nan da gaske suke tsoron kar a yi wasa da abin da aka riƙe shekara 2000 da ɗoriya. Kuma akwai hujja mafi ƙarfi da wani bhikkhu ɗan Amurka, Thanissaro, ya kawo, cewa naɗi ba biki ne na yini ɗaya ba, tarbiyya ce ta zama da malama shekara da shekaru kina ganin yadda take ci da yadda take tafiya da yadda take haƙuri, in wannan zaman ya yanke littafi ba zai maye gurbinsa ba. Wannan magana ce mai nauyi kuma ban ga dalilin yi mata dariya ba.

Masu goyon baya kuma amsa biyu suke bayarwa. Ta farko, silsilar ba ta mutu ba, tafiya ta yi, matan Siri Lanka ne suka kai ta Sin, yanzu in matan Taiwan ko Koriya sun dawo da ita ai kayan gida ne ya dawo gida. Sai a ce musu ai waɗancan 'yan Mahayana ne, wato wata mazhaba daban da Theravada, su kuma su ce Mahayana aƙida ce, dokar naɗin da Sinawa ke bi ta wata tsohuwar mazhaba ce mai suna Dharmaguptaka, 'yar'uwar ta Theravada ce tun asali. Ta biyu, kafin a samu bhikkhuni ko ɗaya ai Buddha ya ba maza izini su naɗa mata su kaɗai, kuma babu inda ya soke wannan izini, to in aka koma halin da babu mata sai a koma ga izinin farko. Wannan ba Turawa ne suka ƙirƙiro ta ba, wani babban malamin Bama, Mingun Jetavan Sayadaw, ya rubuta ta da harshen Pali tun 1949.

Kafin mu je ga yadda aka farfaɗo, a duba halin da matan da ba su da naɗi suke ciki, domin nan ne abin yake taɓa ciki da aljihu. A Tailan ana ce musu mae chi, masu fararen kaya, a Myanmar thilashin masu ruwan hoda, a Siri Lanka dasa sil mata. Sun aske kai, sun bar aure, suna riƙe dokoki 8 ko 10, amma a hukumance ba sa cikin jama'ar masu zuhudu. Mutanen gari sun yi imani cewa sadakar da aka ba mai cikakken naɗi ta fi lada, saboda haka abinci mai kyau da kuɗi da gini duk can suke tafiya, ita kuwa mae chi sau da yawa za ka same ta a bayan gidan ibada tana girki da shara da wanke kwanukan maza. A Tailan ma abin har da ruɗani, wajen zaɓe ana ɗaukarta mai zuhudu ba ta jefa ƙuri'a, wajen alfarmar da ake wa bhikkhu ta kuɗin mota da sauransu kuma ana ɗaukarta 'yar gari. Sannan ga yaron talaka a ƙauye, gidan zuhudu hanya ce ta karatu kyauta har jami'a, ƙanwarsa ba ta da irin wannan ƙofa.

A 1928 wani ɗan Tailan mai suna Narin Phasit ya sa aka naɗa 'ya'yansa mata biyu, Sara da Chongdi, a matakin 'yan koyo. Aka kama su aka tuɓe musu mayafin da ƙarfi aka tsare su, shugaban masu zuhudu na ƙasar ya fitar da umarni cewa kar wani bhikkhu ya kuskura ya naɗa mace, kuma da wannan umarnin ake aiki har yanzu. Bayan shekaru sai ga Voramai Kabilsingh, malamar makaranta kuma 'yar jarida, ta je Taiwan a 1971 ta karɓi cikakken naɗi ta dawo gidan ibadar da ta gina a Nakhon Pathom, ba a kore ta ba amma an ɗauke ta 'yar wata mazhaba ce can. 'Yarta Chatsumarn ta yi digirin digirgir a Kanada, ta shekara kusan 30 tana koyarwa a jami'a, mafi yawa a Thammasat da ke Bankok, tana da miji da 'ya'ya uku maza da suna a talabijin, ta ajiye duka ta tafi Siri Lanka ta zama 'yar koyo a 2001, a 2003 ta karɓi cikakken naɗi da sunan Dhammananda. Ita ce mace ta farko 'yar Tailan da ta zama bhikkhuni a Theravada a wannan zamanin, kuma dabararta ita ce ba ta zagin manya ba ta zanga-zanga, kullum da safe su fita bara a unguwa da mayafinsu ruwan goro, mutanen unguwar kuma suna fitowa suna zuba musu abinci, wanda a wannan addinin shi ne ainihin shaidar karɓuwa. Yau bhikkhuni a Tailan 'yan ɗaruruwa ne a gefen maza sama da dubu 200, kuma hukuma ba ta san da zamansu ba.

Yadda aka yi Dhammananda ta samu masu naɗa ta a Siri Lanka kuwa, a 1987 mata daga ƙasashe da yawa suka taru a Bodhgaya da ke Indiya suka kafa ƙungiyar Sakyadhita, ma'ana 'ya'yan Buddha mata. A 1996 a Sarnath, shi ma a Indiya, aka naɗa matan Siri Lanka 10 da taimakon 'yan Koriya, cikinsu har da Kusuma wadda malamar jami'a ce, a 1998 kuma ƙungiyar Fo Guang Shan ta Taiwan ta shirya babban naɗi a Bodhgaya, daga nan wani babban bhikkhu na Dambulla a Siri Lanka, Inamaluwe Sumangala, ya ci gaba da naɗin a cikin gida. Manyan shugabannin ƙasar ba su amince ba, har ta kai ana hana matan katin ɗan ƙasa mai ɗauke da laƙabin bhikkhuni, wanda ba tare da shi ba rubuta jarabawa ma wahala ne, sai a 2025 kotun ƙoli ta yanke hukunci cewa hana wata daga cikinsu wannan laƙabi tauye haƙƙi ne. A Myanmar abin ya fi tsauri, wata mai suna Saccavadi da ta karɓo naɗi a Siri Lanka ta koma gida a 2005 mahaifinta ba lafiya, aka kama ta aka tsare sama da wata biyu. Maza masu taimakawa ma suna ɗanɗanawa, Ajahn Brahm Bature ɗan Ingila da ke Perth a Ostireliya ya sa hannu aka naɗa mata huɗu a Oktoban 2009, cikin kwanaki kaɗan aka cire gidan ibadarsa daga ƙungiyar gidajen zuhudu ta Wat Pah Pong ta Tailan da ya taso a cikinta.

In kana son ganin me ke faruwa inda ƙofar take a buɗe sai ka duba Taiwan, can mata masu naɗi sun fi maza yawa nesa ba kusa ba, da yawansu da digiri, suna riƙe da jami'o'i da gidajen buga littattafai. Cheng Yen ita ce misalin da kowa ke kawowa, a 1966 a Hualien, gabar gabas inda talauci ya yi katutu, ta fara da matan aure 30, ta yanka gora ta yi musu asusu ta ce kowace ta jefa rabin dalar Taiwan kullum daga kuɗin cefane kafin ta tafi kasuwa, aka ce me zai hana a tara a bayar sau ɗaya a wata, ta ce a'a, so take kullum zuciya ta tuna da mabuƙaci. Ita da almajiranta kuma ɗinkin takalman jarirai suke yi su ci abinci, ba sa taɓa kuɗin sadaka. Wannan asusun gora shi ya zama ƙungiyar agaji ta Tzu Chi, ta gina asibiti a Hualien a 1986, yau tana kai agaji ƙasashe da dama duk inda girgizar ƙasa ko ambaliya ta faɗa. A Taiwan ɗin dai wata bhikkhuni malamar jami'a, Chao-hwei, ta fito bainar jama'a a 2001 ta yayyaga takardar da aka rubuta sharuɗɗan nan takwas.

Ɓangaren Tibet nasu daban ne, cikakken naɗin mata bai taɓa kafuwa sosai a can ba, duk da suna da Tara, wata abar girmamawa a addininsu, wadda labarinta ya ce ta yi alkawarin ba za ta nemi jikin namiji ba, a jikin mace za ta kai ga kuɓuta, kuma suna da silsilar manyan malamai ta Samding Dorje Phagmo da mace ke shugabanta tun ƙarni na 15. Dalai Lama, babban jagoran addinin na Tibet, ya daɗe yana cewa yana goyon baya amma ba zai yanke shi kaɗai ba sai malaman doka sun haɗu, aka yi babban taro a Hamburg a 2007 aka tashi ba matsaya. Sai suka bi ta hanyar karatu, digirin geshe, babban digirin ilimin addininsu da ake shekara 17 ana yi sannan jarabawar shekara 4, wanda da maza kaɗai ke samu, a Disambar 2016 mata 20 suka karɓe shi a Mundgod da ke kudancin Indiya daga hannun Dalai Lama, yanzu su ke koyar da 'yan'uwansu mata maimakon a jira a turo malami namiji. Abin da aka kasa a taruka sai ƙaramar ƙasar Butan ta yi shi, a watan Yunin 2022 shugaban masu zuhudu na ƙasar, Je Khenpo, da goyon bayan gidan sarauta, ya naɗa mata sama da 140 a Paro, kuma da maza kaɗai ya yi naɗin, wato ya ɗauki waccan hujja ta izinin farko ya yi aiki da ita. Matan sun zo daga Butan da Indiya da wasu ƙasashen maƙwabta, wasunsu sun tsufa a matakin 'yan koyo, shekara talatin ko arba'in da askakken kai suna zama a sahun baya, ranar aka miƙa wa kowace kwanon bararta da mayafanta.